Kyautar Suruki da Muryar Goggo Dije

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku game da shekarar da mijin yayarku ya ɗauke ƙafa daga gidan nan. Kuna cewa mun yi faɗa a kan kwamfuta, na bi shi har Shinkafi na ci masa mutunci a zaurensa. Uwarku ta tsinci maganar a bakin ɗayanku ta kawo mini, na bar ta ta wuce, don a lokacin ban ga amfanin ja da ita ba. Yanzu da nake rubuta muku rayuwata ba zan tsallake wurin ba. Na tsallake makarantun da na yi, na tsallake sunayen jiragen ruwan da na shiga, amma a nan zan tsaya, domin wanda labarin yake zalunta ba ni ba ne, shi ne.

Asalinmu wata 'yar tunga ce a bayan Gurbin Bore, a ƙasar Zurmi. Na bar ta ina saurayi na kama aiki a tashar jirgin ƙasa ta nan Kaura Namoda, daga nan yawo ya ɗauke ni. Na yi wa fataken shanu tafinta har Abijan, na zauna Agadas, na yi dako a Bur Sudan, na daɗe a Jidda ina aiki a masaukin alhazai. Fulatanci a wurin uwata na sha shi, Faransanci da Larabci da Turanci kuwa hanya ce ta koya mini. Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk yawon nan shi ne Hausawan da na tarar a Sudan, jikokin waɗanda suka tafi hajji a ƙasa suka maƙale a hanya. Hausarsu garau, tuwonsu irin namu, amma in ka tambayi mutum garin kakansa sai ya ɗaga hannu ya nuna yamma. Iyakar abin da ya rage masa ke nan.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi tungarmu, mutanenmu suka kwararo Kaura, gidan nan ya cika har rumfar awaki, sai na ga abin da na gani a Sudan yana shirin faruwa a tsakar gidana. Tsofaffi suna zama a gindin darbejiya suna lissafa rijiyoyi da gonaki da wuraren da aka binne iyayensu, yara kuwa suna wucewa ba mai saurare. Sai na ɗauki wayata na fara naɗar muryoyinsu, gida gida, duk tsawon rani. In waya ta cika sai in juye a kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya tun ina aikin fassara. Na yi wa kowane gida alkawarin zan sa masa muryar tsohonsa a memori, ya tafi da ita duk inda Allah ya jefa shi.

Wadda ta fi kowa ba ni wahala ita ce Goggo Dije, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a zamaninsu. Ba ta taɓa kirana da sunana ba.

"Ɗan-yawo, mi kake so in ce ma wanga abu? Ba ya da kunne."

"Yana da shi, Goggo. Ya fi ni ji."

"Wannan ba abin yabo ba ne. Jaki ma ya fi ka ji, shi ya san hanyar gida."

Amma da ta fara ba ta tsaya ba. Ta faɗi wanda ya haƙa rijiyar farko, da yadda aka raba fadama, da sunayen matan da aka auro daga Moriki. Ta kuma faɗi abin da wasu suka ji tsoron faɗa, wato wanda ya nuna wa maharan hanya. Ba ita kaɗai ta ambaci irin wannan ba. Shi ya sa na ɗauki kwamfutar na kai wa Madam Laraba, mutuniyar kudancin Kaduna, mai shagon buga takardu a kan hanyar kasuwa, wadda mun daɗe muna aiki tare, ni ina fassara tana bugawa. Na ce ina son ko an sace na'urar kada wani ya ji abin da ke ciki. Ta sa mini wata manhaja mai kulle fayil. Ba ta da ƙofa a fili, da gangan aka yi ta haka. In kana son buɗe fayil sai ka ɗora kibiya a kansa, ka danna ɓangaren dama na maus, ɗan abin nan da ake ja da hannu, sai jerin umarni ya sauko, a cikinsa ka zaɓi buɗe kulle. Ta ja mini kunne cewa in aka cire manhajar alhali fayilolin suna kulle, shi ke nan, sun zama duwatsu.

Da bazara Goggo ta rasu. Kwanakin zaman makoki kwamfutar tana kan tebur a ɗakina, ban ko dube ta ba. Amma masu zuwa gaisuwa sun dube ta. A Abijan na ga mutum ba ya taɓa na'urar wani sai da izini, ko da ɗan'uwansa ne. Mu a nan duk wanda ya ga dattijo da kwamfuta sai tausayi ya kama shi, ya ga wajibi ne ya taimaka. Wannan ya zo da filashi ya zuba mini manhajar matse fayil, wancan ta juya hotuna, ɗayanku ya sa ta sauraron karatu, wani ɗan maƙwabci ya sa wadda har yau ban san aikinta ba. Kyauta ce, kuma a gidan makoki ake, ba wanda zan ce wa bari. Malam Nasiru, mijin yayarku, shi ma ya zo daga Shinkafi. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, idonsa a ƙasa, ya sa aka faɗa mini cewa ya sayo wata manhajar tsaro da kuɗinsa a Kano, yana son ya sa wa Baba don kada ƙwayar cuta ta ci muryoyin. A gaban jama'a aka yi, aka yi ta sa masa albarka. Ni ma na sa.

Bayan an share makoki Sambo, ɗan Goggo, ya same ni. Ya yanke shawarar kwashe iyalinsa zuwa Maraɗi, wurin dangin matarsa da suka yi masa alkawarin gona, kuma dole ya isa kafin shuka ta wuce.

"Yaya, ni ba ni da hotonta ko guda. Gidan sun ƙone shi. Muryar nan ita ɗai nika so in tafi da ita."

Na ce ya zauna, yanzu zan ba shi. Na buɗe tagar da ke nuna jakunkunan fayil, na nemo na Goggo, na danna dama. Maimakon jerin umarni sai kibiyar ta koma zobe tana juyi, tagar ta yi fari fat, sannan komai ya ɓace daga allon, har layin ƙasa. Jim kaɗan hotunan suka dawo kamar ba a yi komai ba, amma tagar ta rufe. Na sake, ta sake. Na gwada a kan wani fayil, haka. Sambo yana kallona, ni ina kallon wani ɗan rubutu da ya fito da Turanci yana cewa manhajar ta daina aiki. Na karanta shi sarai, da an rubuta shi da Larabci ko Faransanci ma da na karanta, amma bai faɗi kome ba sai abin da idona ya riga ya gani.

Na fara da abin da hankali ya ba ni. Tunda dannawa ce ke kawo abin, na zargi maus, na aro wani, bai canza ba. Na kashe na kunna. Na kwafi fayil ɗin da madannai zuwa memori, ya kwafu, amma a kulle, waya ta ƙi karanta shi. Na kai wa wani mai gyara a kasuwa, ya danna sau biyu, ya ce wannan sai an wanke ta gaba ɗaya an zuba sabon abu, aikin awa guda ne. Na tambaye shi muryoyin fa, ya ce ai wanki wanki ne. Ban zarge shi ba, yawancin masu zuwa wurinsa abin da ke cikin na'urarsu ana iya sake samo shi. Na rufe abata na fito. A gida kuma uwarku tana da nata bayanin.

"Malam, ka bar baiwar Allah ta huta. Wataƙila ba ta son a ji ta ne."

"Goggo? Wadda in ta fara magana ko kiran salla sai ya jira ta?"

"To ni dai na faɗa maka. Kana ta ramewa a kan abin da ba ya cin tuwo."

Na koma wurin Madam Laraba. Da ta ga abin da idonta sai fuskarta ta canza, domin ita kullenta ta zarga, kuma ta san abin da hakan ke nufi.

"Baba Tafinta, in nawa ne ya lalace, ban san da wane ido zan kalli mutumin nan ba."

"Ba mu san naki ba ne tukuna. Faɗa mini, jerin nan da ke saukowa, wa ke rubuta shi?"

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce rabin abin da ke cikin jerin na gida ne, da shi kwamfuta ta zo. Sauran baƙi ne. Kusan kowace manhaja da aka zuba tana cusa nata layi a ciki, kuma duk lokacin da ka danna dama sai tagar ta kira su duka su hallara kafin ta nuna maka jerin. In ɗaya ya faɗi a hanya, ya ja tagar sun faɗi tare. Ta ce akwai hanyar tada kwamfuta da 'yan gida kaɗai, ba baƙo ko ɗaya. Muka tada ta haka, na danna dama, jerin ya sauko lafiya lau, gajere, tsaf. Sai dai layin buɗe kulle ba ya ciki, don shi ma baƙo ne. Duk da haka na ji wani ƙarfi ya shigo ni. Gidan lafiya yake. Cikin baƙi ne akwai mai laifi, kuma baƙo ana iya gano shi.

Madam tana da wata 'yar manhaja a filashinta da ke jero baƙin duka, kowanne da wurin kashe shi da kunna shi. Da jerin ya fito sai ta riƙe haɓa.

"Baba, wannan ba kwamfuta ba ce, tashar mota ce. Wa ya zuba maka duk waɗannan?"

"Masu ƙaunata."

"Allah ya rage maka su kaɗan."

Ta ce mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma kowane gwaji sai an kashe an kunna, ga rana tana yi, ga masu jiran a buga musu takarda, ga batirin hasken rana da ba ya kai la'asar. Nan na tuna wani Basudane mai gyaran wuta a masaukinmu na Jidda. In wuta ta yi ta tsinkewa ba ya bin ɗaki ɗaki. Yakan kashe rabin ginin ya gani. In ta daina tsinkewa, laifin yana rabin da ya kashe, in ta sake tsinkewa yana rabin da ya bari. Sai ya raba wannan rabin biyu, haka har ya tsaya a ƙofar ɗaki guda. Na faɗa wa Madam, ta ce wannan ya yi. Muka kashe rabin baƙin da ke saman jerin, na danna, tagar ta faɗi. Muka ce to yana ƙasa. Don tabbatarwa muka kunna na sama muka kashe na ƙasa, kullenta yana cikinsu. Ta sake faɗuwa. Madam ta saki ajiyar zuciya don nata ya fita, amma ni na shiga duhu, domin dabarar ta ce laifin yana sama kuma yana ƙasa.

Na kwana biyu ina juya abin, ina zuwa shagon da safe kamar ma'aikaci. Sai na tuna cewa Basudanen nan ma ya taɓa gamuwa da haka. Ya kashe hagu ta tsinke, ya kashe dama ta tsinke. Bai ce dabararsa ta ƙarye ba, ya ce akwai ɗakin da ba ya bin makunni. Ya kashe ginin duka ya bi baranda yana leƙe, sai ga fitila tana ci a wani ɗaki da aka ja masa waya ta bayan fage. Na ce wa Madam mu kashe baƙin gaba ɗaya, mu sake tada na'urar, kada mu danna komai, mu duba jerin kawai. Muka yi. Dukansu suna kwance a kashe, sai guda ɗaya da ya tashi ya kunna kansa, mai alamar koriyar garkuwa. Muka kashe shi, muka tada, ya sake tashi. An yi shi ne ya kare kansa daga duk mai son taɓa shi. Madam ta je cire shi, sai ya nemi kalmar sirri.

"Wa ya sa wannan?"

Na gane garkuwar, manhajar tsaron nan ce ta Kano.

"Surukina."

Ta cire tabarau ta ajiye. Shekarunta a Kaura sun isa ta san nauyin abin da na faɗa.

Ku da kuka tashi da waya a hannu za ku ce a kira shi mana. A lokacin an katse layukan waya a duk yankin nan saboda rashin tsaro. Ko da ba a katse ba, ni da Nasiru ba mu taɓa yin magana mai tsawon da ta wuce gaisuwa ba. Mijin 'yar farina ne. Ita kanta ban taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" nake cewa har ta yi 'ya'ya, balle shi. Ba ya cin abinci inda nake, in ya hango ni a hanya yakan sauka daga babur. Na ga ƙasashen da suruki da uban matarsa suke sa hannu a kwano ɗaya suna musu a kan ƙwallo, ban ce nasu ya fi ba, ban ce namu ya fi ba. Amma namu ba a gina shi don isar da labari mara daɗi ba.

Na bi hanyar da aka saba. Na ce wa uwarku ta aika wa yarinyar nan ta faɗa wa mai gidanta cewa abin da ya sa ya toshe mini aiki, ina son kalmar sirrinsa in cire. Uwarku ta ga maganar ta yi kaifi, ta ce wa wata maƙwabciya mai zuwa Shinkafi ta ce Malam ya ce abin nan yana da ƙarfi ƙwarai, har ya hana shi taɓa wasu wurare. Maƙwabciya ta ce wa yayarku Malam ya ce abin yana da ƙarfi, ba mai iya taɓa shi. Yayarku ta ce wa mijinta Baba ya yaba. Bayan kwanaki saƙo ya dawo mini da ƙullin goro da kwalbar turare: Nasiru yana gaisuwa, ya ce Baba ya kwantar da hankalinsa, abin nan ko shi da ya sa shi sai da dabara zai iya cire shi.

Ranar ne aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Sambo ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya riga ya sayar da awakinsa, ya yi cinikin mota.

"Yaya, in ba ta yiwuwa ka bari. Na gode da wahalar da ka sha."

"Ba ka tafiya ba da ita ba. Ka ba ni zuwa jibi."

Na shiga na ce wa uwarku gobe zan tafi Shinkafi. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"A wannan hanya? Da furfurarka? Kuma ka je ka ce da yaron nan mi? Kyautarka ta ɓata mini aiki?"

"Haka zan ce."

"Ba a yi, Malam. Ko ubanka bai yi ba."

"Ubana bai ajiye muryar ƙanwarsa a cikin akwati ba."

Kwamfutar na bar ta a hannun Madam, domin in an tare mu gara a rasa ni da a rasa ta da mutanen da ke cikinta. Motoci suka taru da safe aka tafi a ayari. Na ga gonakin da ruwa ya jiƙa suna jiran iri ba kowa a cikinsu, na ga ƙauyuka ba hayaƙi. Na bi hanyar Sahara a bayan akori-kura, ban ji irin shirun da na ji a wannan 'yar tafiya ba. Allah ya kai mu lafiya.

Da aka ce wa Nasiru ga Baba a ƙofa, ba takalmi ya fito, yana zaton rasuwa aka yi. Ya shimfiɗa mini darduma a zaure, shi ya durƙusa can kusa da bango. Muka yi gaisuwa har ta ƙare, ba sauran abin tambaya. Sai na faɗa masa, ba kwana, yadda ban taɓa yi masa magana ba. Na ce manhajar da ya sa da kyakkyawar niyya ita ce ke kayar da tagar, muryar Goggo tana kulle a bayanta, Sambo zai bar ƙasar gobe, ina son kalmar sirri. Na ga wuyansa ya sunkuya har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"Baba, a gafarce ni. In shirya in bi ka in cire da hannuna."

"Ba ka hawa hanyar nan saboda ni, kana da ƙananan yara. Faɗa mini kalmar kawai."

Ya ƙi faɗa. Na miƙa masa biro na ce to ya rubuta. Ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe, bai rubuta ba. Gumi yana bin gefen hularsa. Ni kuwa ga gajiyar hanya, ga ayarin komawa ba ya jira, sai na ɗauka ya ji haushi ne yana ja mini rai. Muryata ta ɗaga, wannan gaskiya ne, kuma ita ce maƙwabta suka ji suka yi ta yaɗawa.

"Nasiru, na taka wannan hanya don kalma guda. Mene ne a cikinta da ya fi muryar matacciya?"

Sai aka yi gyaran murya a bayan ƙofar cikin gida. Yayarku ce, ashe tana tsaye tun ɗazu.

"Baba, ba ya iya faɗa maka, ba ya kuma iya rubuta maka. Sunan nan ne da kai ma ba ka faɗi."

Sai na gane. Mutumin da ya je Kano ya sayo abu mafi tsada da ya sani don ya tsare mini amana, da aka ce ya zaɓi kalmar da ba zai manta ba, sunan matarsa ya sa. Bai taɓa zaton ranar da uban matar zai zauna a gabansa yana neman ya furta ta ba. Na so in ce masa wani abu, ban sami harshen da zan faɗe shi ba a cikin duk waɗanda nake ji. Na tambayi ƙofar, ba shi ba, ko akwai wani abu a gaba ko a bayan sunan. Aka ce shi kaɗai ne, da ƙananan baƙaƙe. Na miƙe na ce Allah ya yi albarka. Ya rako ni tasha yana tafe a bayana, bai ɗago ba har mota ta tashi.

Washegari da safe na sami Madam a shago, Sambo yana zaune a benci. Ta buɗe wurin cire manhajar, ta ɗora yatsu a kan madannai.

"Faɗo, Baba, in buga."

"Matsa mini."

Ta dube ni, ta tashi ba tambaya, ta je tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Na zauna. Sunan nan ni na zaɓe shi. Sau ɗaya na taɓa furta shi, a hankali, a cikin kunnenta, ranar da ungozoma ta miƙo mini ita a zane. Na nemi baƙaƙen da yatsa ɗaya ina dannawa, allon yana nuna ɗigo a madadin kowanne, kamar shi ma ya san ya kamata ya rufa mini. Garkuwar ta karɓa, ta fita. Muka kunna sauran baƙin da ake buƙata, muka bar na banza a kashe, muka sake tada na'urar. Na ɗora kibiya a kan fayil ɗin Goggo na danna dama. Jerin ya sauko ya tsaya. Na buɗe kulle.

"Ɗan-yawo, matso da shi nan, in dai ka ce yana ji. Rijiyar farko, kakanku ne ya haƙa ta, shekarar da fari ya kashe gero..."

Sambo ya zame daga benci ya zauna a ƙasa, ya ja rigarsa ya rufe fuska. Madam ta fita ta ce wa masu jira injin ya lalace, su dawo anjima. Muka bar Goggo ta yi maganarta har ta gaji.

Ya tafi Maraɗi da memorinsa ɗaure a cikin hula. Kafin damina ta yi nisa kowane gida ya karɓi nasa, waɗanda ke da magana mai haɗari a ciki kuma na cire musu wurin na ajiye a kulle. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara zuba wa kwamfutata komai, na koyi cewa a'a ko a gidan biki.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Nasiru ya daɗe bai tako gidan nan ba. Salla ta zo ta wuce, sai dai ya aiko da rago da gaisuwa. Ba fushi ya yi ba, ni ma ban yi ba. Kunya ce ta riƙe shi: kyautarsa da aka sa wa albarka a gaban jama'a ta zama cikas, ya sa tsoho ya hau hanyar da ake tare mutane, sannan abin da ke zuciyarsa game da yayarku ya fito fili a gaban wanda bai kamata ya sani ba. Na san tafiyar za ta ja wani abu irin wannan tun kafin in shiga mota, na kuma shiga. Da za a mayar da ni wannan safiya, shiga zan sake yi. Amma shi ya ɗauki nauyin, ba ni ba, kuma bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba, don kare kan nasa yana buƙatar ya faɗi kalmar.

Saboda haka in kun gan shi ku gaishe shi da kyau, ku daina wancan labari. Na yi yawo, na ga mazan da ke kiran sunan matansu a kasuwa da ƙarfi, ban ga wanda ya riƙe sunan tasa kamar yadda Nasiru ya riƙe ba. Za ku lura har na kai ƙarshen wannan babi ban rubuta shi ba. Kun san shi. Bakina ya faɗe shi sau ɗaya, yatsana ya buga shi sau ɗaya, kuma duka biyun an buɗe mini abin da na zo nema.